Yadda Ake Kula da Iskar Safaya, Mataki-Mataki

Tun ranar da na ba da labarin abin da ya same mu a hanyar Kintampo, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, a majalisarmu ta Aboabo da ke Kumasi da kuma ta waya: wai ita safaya iska nawa ake ba ta, kuma me zai sa a riƙa duba ta tunda ba taka ƙasa take yi ba? Wata baiwar Allah da ke kai 'ya'yanta makaranta daga Asawase ta ce mini shekara uku ke nan da sayen motarta, ba ta taɓa ɗaga shimfiɗar but ɗin ba.

Ga wanda bai ji labarin ba, Tamale za mu ta'aziyya, mu biyar a mota. Mun wuce Techiman bayan magariba sai tayar baya ta kwanta. Hankalina bai tashi ba, don na san akwai safaya. Muka ɗaga mota, muka ɗaura, muna sauke jak sai ta lotse har rim ya kusa taɓa kwalta. Taya ce sabuwa fil, ko gashin jikinta bai goge ba, amma babu iska a ciki. Ga gwaggonmu dattijuwa a kujerar baya, ga duhu, ga manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu. Sai da muka shafe awa huɗu kafin wani mai babur ya taimaka ya ɗauki ƙanena da tayar zuwa garin da ke gaba. Daga ranar na mayar da duba safaya aikin wata-wata, kuma ga yadda nake yinsa.

1. Fara sanin wace iri ce da kai

Safaya iri biyu ce a motocin da ke yawo a Kumasi. Akwai cikakkiya, wadda girmanta ɗaya da na sauran tayoyin huɗu. Ita aka fi samu a Hilux, Prado, Pajero, motocin trotro (ƙananan bas na haya) da yawancin tasi. Akwai kuma siririya, 'yar ƙarama mai kama da tayar babur, wadda ke zuwa da galibin Corolla, Camry, Elantra da Civic da ake saukewa a tashar Tema daga Amurka. Idan kana shakka, karanta rubutun gefenta. Lambar girman siririya da harafin T take farawa, misali T125/70D16, kuma sau da yawa akwai takarda ruwan ɗorawa a manne a rim ɗinta.

Kada ka tsallake wannan matakin, domin iskar da kowace ke sha ta bambanta nesa ba kusa ba. Wasu sababbin motoci ma ba sa zuwa da safaya sam, sai ɗan famfo da kwalbar gam. In taka irin wannan ce, gara ka sani tun kana gida.

2. Nemo lambar iskar

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. Akwai takarda a manne mai ɗauke da iskar tayoyin gaba, ta baya, da ta safaya. A wasu motocin Turai tana bayan murfin tankin mai. In an yi wa motar fenti an shafe ta, wanda ba baƙon abu ba ne ga motar da aka gyara bayan hatsari, duba littafin motar, ko ka leƙa takardar wata mota iri ɗaya da taka.

Siririya kusan ko da yaushe psi 60 take sha (psi ma'aunin iskar taya ne), kuma a rubuce yake ɓaro-ɓaro a jikinta. A wasu ma'aunan, wannan daidai yake da kPa 420, ko bar 4.2. Tayoyin ƙananan motoci kuwa yawanci tsakanin psi 30 ne da 35. Ka ga ke nan siririya tana shan kusan ninki biyu, saboda ƙarama ce amma nauyin da take ɗauka ɗaya ne da na babbar. Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure: an ba ta 32 kamar 'yan'uwanta, mai mota ya tafi da zaton ya gama, alhali rabin cikinta kawai aka cika.

Cikakkiya kuma, ni lamba mafi girma da ke kan takardar nake ba ta, wato ta tayar baya idan mota ta yi lodi. Dalili shi ne ban san a wace ƙafa zan ɗaura ta ba, kuma rage iska a bakin hanya da ɗan tsinke ma ana yi, ƙarawa ce ke buƙatar famfo.

Hattara: lambar da ke gefen cikakkiyar taya kusa da kalmar MAX ba ita ce iskar tuƙi ba. Iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Takardar ƙofa ake bi.

3. Kayan aiki da kuɗinsu

Abu ɗaya ne dole, geji, wato abin auna iska, naka na kanka. Iri uku ne a kasuwa: mai kamar biro wanda sanda ke fitowa ta gindinsa, mai agogo, da mai batir da ke nuna lamba. Ana samunsu a shagunan kayan mota na Suame Magazine, masu zuwa Accra kuma a Abossey Okai. Mai kamar biro shi ne mafi araha, kuɗin 'yan litocin fetur ne. Amma kafin ka biya, duba ƙarshen ma'auninsa. Da yawa daga cikinsu a psi 50 suka tsaya, don haka ba za su iya auna siririya ba. Nemi wanda ya kai 100. Ni mai agogo na fi so, don ba ya neman batir kuma ido na ganinsa da kyau.

Na biyu shi ne abin ba da iska. Ba dole ba ne ka saya in akwai mai faci a unguwarku, kuma wace unguwa ce babu? Kuɗin bugun taya ɗaya bai kai na litar fetur ba, wasu gidajen mai ma suna da injin iska a gefe. Sai dai ga mai doguwar tafiya, ina ba da shawarar ɗan kwamfuresa da ake jonawa a soket ɗin mota. Ya fi geji tsada sosai, amma da yana motarmu a daren Kintampo, minti goma ya ishe mu. Famfon ƙafa ma yana yi, har famfon keke mai bakin da ya dace, tunda bawul ɗin mota iri ɗaya ne da na babur da kekuna da yawa; gumi kawai za ka sha kafin ka kai 60.

Sai ƙananan abubuwa: ruwan sabulu a gora, tsumma, tocila, da murfin bawul guda biyu ko uku na ajiya.

4. Yi da safe

Zafi na kumbura iska. Duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 na zafi yana ɗaga awon taya da kusan psi 1. Motar da ta wuni a rana a kasuwar Kejetia, but ɗinta kamar tanda yake, in ka auna a lokacin geji zai nuna maka fiye da gaskiya. Bayan sallar asuba ko da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi ya fi, kuma a lokacin ne za ka haɗa da sauran huɗun kafin a tuƙa motar.

5. Fito da ita gaba ɗaya

Na san wannan ne matakin da ke sa mutane ƙiwa, musamman wanda but ɗinsa ya zama ɗakin ajiya. Amma babu makawa. A ƙananan motoci da yawa a kife ake kwantar da safaya, bawul na kallon ƙasa, ba ka isa ka sa geji ba sai ka ɗago ta. Kwashe kaya, ɗaga shimfiɗa, kwance notin tsakiya da ke riƙe ta, ka fito da ita ka jingine a jikin mota.

Tana fita, haska ramin da tocila. Idan ka ga ruwa a kwance ko jan tsatsa, to robar murfin but ko ta fitilar baya tana yoyo. Da irin ruwan da ake yi a Kumasi daga Afrilu zuwa Yuli, ramin nan kan zama ƙaramin tafki ba tare da mai mota ya sani ba. Ruwan ne ke cin bakin rim, daga nan iska ta samu hanyar fita. Tsane shi, ka bar but a buɗe ya sha iska, ka sa fita, wato makaniki, ya duba robar.

Ta Hilux da sauran a-kori-kura a ƙarƙashin mota take rataye. Akwai doguwar sanda cikin kayan jak da ake zurawa ta wani rami a saman bamba na baya, a juya har sarƙa ko waya ta sauko da tayar ƙasa. Irin wannan ita ta fi shan wahala, laka da ruwan hanya duk a kanta suke ƙarewa, kuma in an daɗe ba a taɓa na'urar ba sai ta cije. Na taɓa ganin direba a hanyar Ejura da lafiyayyar safaya cike da iska, amma ta ƙi saukowa. Duk lokacin da ka sauke ta, shafa wa sarƙar giris.

Hattara: kada ka kwanta a ƙarƙashin tayar kana juya sandar, kuma kada ka bar yaro ya leƙa. Tayar a-kori-kura da rim ɗinta nauyi ne da zai iya karya hannu.

Mai rataye a ƙofar baya, kamar ta tsohuwar RAV4 da Pajero, ita ce mafi sauƙin aunawa, amma ita rana ke gasawa kullum. In ba ta da riga, saya mata.

6. Auna

Kwance murfin bawul ka sa a aljihu, ba a ƙasa ba. Ɗora bakin geji a kan bawul a miƙe, ka danna da ƙarfi sau ɗaya. Za ka ji ɗan "fis" gajere, sannan shiru. In fis ɗin ya ci gaba, gejin a karkace yake, iska kake zubarwa. Ɗaga ka sake. Auna sau biyu, in lambobin sun zo ɗaya ka yarda da su.

A nan nake roƙon kowa ya bar al'adar danna taya da babban yatsa ko shurinta da ƙafa. Safaya ba ta ɗauke da nauyin komai, saboda haka ko psi 15 ne a cikinta za ta yi maka tauri kamar dutse. Tamu ta daren Kintampo haka take, na danna ta da hannuna kafin mu ɗaura, na ce lafiya lau. Haka nan fitilar gargaɗin iska da ke kan dashbod ɗin motocin Amurka, galibi tayoyi huɗun da ke ƙasa kawai take gani, ba ruwanta da siririyar da ke but. A shingen hanya ma ana iya tambayarka ka nuna safaya, ka nuna, a ce ka wuce. Wannan ya tabbatar tana nan ne kurum, bai ce komai game da cikinta ba.

Kada ka yi mamaki in ka tarar da siririya a 25 ko 30. Lafiyayyar taya ma tana rasa psi 1 zuwa 2 a kowane wata ta jikin robar kanta, ba tare da ƙusa ko huji ba. Lissafa motar da ta yi watanni a filin gwanjo a Amurka, ta yi makonni a kan teku, ta zauna a Tema, ta zauna a wurin dillali, sannan ta yi shekara biyu a hannunka.

7. Ba ta iska

In wurin mai faci za ka, faɗi lambar da bakinka kafin ya ɗora tiyo. Ranar farko da na kai tawa wurin yaron da ke bakin layinmu, na ce ya ba ta 60, sai ya ɗago ya dube ni.

"Baba, wannan 'yar mitsitsiyar? Ai fashewa za ta yi."

Na ce, "Zo ka karanta da kanka, ɗana." Na goge gefen tayar da tsumma na nuna masa. Ya bi rubutun da yatsa, ya gyaɗa kai, ya ce shi dai duk wadda aka kawo masa 35 yake ba ta. Ba laifinsa ba ne, haka ya koya a wurin maigidansa, kuma tun daga ranar shi ke gaya wa masu mota.

Kwamfuresan masu faci na manyan tayoyi ne, siririya kuma cikinta kaɗan ne, nan da nan take cika. A riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, a tsaya a auna, a ƙara. Idan an gama, sa naka gejin a gabansa. Gejin da ke wuni yana faɗuwa a ƙasa cikin ƙura ba abin dogaro ba ne, na sha ganin bambancin psi 5 tsakanin nawa da na mai faci. In ta wuce, danna ɗan tsinken tsakiyar bawul ka rage.

In da ɗan kwamfuresanka za ka yi, tayar da injin mota tukuna don kada ya shanye batir, kuma a fili, ba cikin rufaffen gareji ba. Waɗannan ƙananan injuna suna zafi da wuri. In ya yi kamar minti goma yana aiki, kashe shi ya huce.

Hattara: kwantar da tayar a ƙasa ko ka jingine ta, ka tsaya daga gefe. Kada ka sunkuya fuskarka a kanta, kada ka zauna a kai. Idan ka ga ƙari ya fito a gefenta kamar ƙurji, ko ka ji tana ƙas-ƙas, tsaya nan take. Wannan tayar ta gama aiki.

8. Gano inda take yoyo

Cika ta ba shi ne ƙarshe ba, sai ka tabbatar za ta riƙe. Masu faci ɗan yawu suke ɗigawa a bakin bawul, kuma dabara ce mai kyau, amma wuri ɗaya kawai take gwadawa. Zuba ruwan sabulu a wurare huɗu: bakin bawul, gindinsa inda ya shiga rim (ka ɗan lanƙwasa shi hagu da dama), kewayen bakin rim ta fuska biyu, da duk inda aka taɓa yin faci. Jira minti ɗaya ko biyu. Ƙaramin yoyo ba ya tafasa, kumfa ce fara mai laushi take taruwa a hankali.

In daga bakin bawul ne, yawanci ɗan cikinsa ne ya saki; ana ɗaure shi ko a canja shi cikin minti ɗaya da kuɗi ƙalilan. In gindin ne ya tsage, sai an sauke tayar daga rim an sa sabon bawul. In bakin rim ne, a cire tayar, a kankare tsatsar da burushin ƙarfe, a mayar. Kada ka yarda a ce maka a tura tsumma ko leda a bakin rim wai ya toshe.

Mayar da murfin bawul. Bayan mako guda sake aunawa. In ta rasa fiye da psi 2 ko 3 a cikin makon nan, akwai yoyon da ba ka gano ba, sai a nutsa ta cikin bahon ruwa.

9. Shekarunta

Tunda tana hannunka, nemi haruffan DOT a gefenta. Lambobi huɗu na ƙarshen layin su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 3518 na nufin mako na 35 na shekarar 2018. Sau da yawa a fuska ɗaya kawai ake buga su, in ba ka gani ba juya ta. Manyan kamfanonin taya suna cewa wadda ta kai shekara 10 a canja ta ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, domin roba na bushewa a zaune. Corolla ƙirar 2012 da har yanzu ke ɗauke da safayarta ta asali ta wuce wannan iyaka. Duba kuma gefen da tsakanin zanen ko akwai ƙananan tsage-tsage kamar faso.

Akwai abin da ke damuna da 'yan'uwanmu masu tasi da trotro. Tayar da ta suɗe har waya ta fara leƙowa, ita ake jefawa baya a kira ta safaya. Ranar da za a ɗaura ta kuwa, da fasinja cike za a ɗaura ta, wataƙila a gangaren Nkawkaw. Ko ta hannu ce za ka saya, nemi mai sauran zane, ka karanta shekararta kafin ka yi ciniki.

10. Gwada ta a jikin motar sau ɗaya

Wannan sau ɗaya ake yi, ranar da ka sayi mota ko ka sayi safaya. A fili mai shafe, ja birkin hannu, sa dutse a bayan taya, ka ɗaga motar da jak ɗinka, ka kwance da sifanarka, ka ɗaura safayar. Dillalai kan jefa duk wadda ta samu a but don mota ta cika kaya. Ramukan noti biyar ba sa nufin za ta shiga: na Camry da na yawancin Corolla na Amurka duk biyar-biyar ne, amma tazararsu ta bambanta. A nan ne kuma za ka gane ko jak ɗinka na ɗagawa, ko sifanar ta yi daidai da notin, da ko makullin notin sirri yana motar in tana da shi.

Idan ka mayar da ita but, ɗaure notin tsakiya sosai don kada ta riƙa tsalle a kan gargada. In ramin ya ba da dama, kwantar da ita bawul na kallon sama, wata mai zuwa ba sai ka fito da ita ba. Kada ka ajiye galan ɗin fetur ko na baƙin mai a kanta, mai yana cin roba.

11. Sa mata rana

Sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Ni Asabar ɗin farko ta kowane wata na ɗauka, na sa ƙararrawa a waya. Idan tafiya ce, kwana biyu kafin ranar nake dubawa, saboda ba a fafe gora ranar tafiya. In an samu yoyo akwai lokacin gyara, kuma da asubar da ake kama hanyar Tamale ko Bawku masu faci ba su fito ba tukuna. Ƙara dubawa idan hunturu ya shigo a Disamba, sanyin safiya na sauke awon. Duk lokacin da ka kai mota juyen mai, ce wa fita ya fito da ita, ka tsaya ka ga lambar da idonka.

12. Ranar da ka ɗaura ta

Auna ta kafin ka ɗaga motar, ba bayan ka sauke ba. In siririya ce, kada ka wuce gudun kilomita 80 a awa, a rubuce yake a jikinta, kuma ta kai ka wurin mai faci mafi kusa ne kawai. Abin da aka saba faɗa shi ne kada tafiyarta ta wuce kamar kilomita 80. Daga Kumasi zuwa Techiman kusan kilomita 120 ne, zuwa Accra kusan 250, don haka in taya ta fashe maka a Ejisu, a Konongo za ka tsaya a gyara, ba ka ce bari mu lallaɓa har Nima ta Accra ba. Kauce wa ramuka, ka ba motar gabanka tazara, don birki da kwana duk sun canja. Bayan ɗan tafiya tsaya ka ƙara ɗaure notin.

Idan an gyara babbar an mayar, tun kana wurin mai facin ka sa a cika safayar zuwa lambarta, ka zuba mata ruwan sabulu, sannan ta koma but.